Rasuwar Makunnin Hannun Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki mai cike da gajiya, Munzali ɗan marigayi Malam Mato na Saji yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'ar acaɓa rasuwar makunnin hannun hagu na babur ɗinsa, mai kula da hon da fitila da sigina. Ya rasu ranar Talata da hantsi a rumfar Ɗanmalam bakanike da ke Rano, bayan doguwar jinya. Shekararsa goma sha huɗu a kan aiki, takwas a hannun Malam Mato, shida a hannun ɗansa.

Marigayin ba mai kyan gani ba ne. Rana ta cinye baƙinsa, ya koma ruwan toka. A kan maɓallin hon akwai ɗan kwarmi, wanda babban yatsan Malam Mato ya ƙwaƙule a hankali. Da babur ya dawo hannun Munzali, ya ɗora nasa yatsan ya ji ya zauna daram. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Tun yana da ƙuruciya yake da in'ina. In an danna shi sai ya ce "ƙi, ƙi," ya yi shiru kamar ya fasa, sannan ya saki "ƙiiit." Kowa ya san ciwo ne. Malam Mato ya ƙi gyarawa. A kwanar gida yake dannawa kullum bayan la'asar, matarsa Inna Ramlatu, mahaifiyar Munzali, ta ji, ta miƙe ta ɗauko kwanon fura. Malam ya rasu, idon Inna ya tafi, amma wannan miƙewar ba ta fasa ba. Ita kaɗai ce miƙewar da take yi ba wanda ya kama hannunta.

Ciwon ajali ya kama shi a daminar bana, a rafin hanyar Kibiya. Ruwa ya shige shi, tsatsa ta bi baya. Fitila ta fara ɗaukewa. Munzali ya yi masa abin da ake yi: ya fesa fetur, ya naɗe shi da salatif, ya ɗaure da robar tsohon tif na taya. Ranar Litinin a hanyar Unguwar Gai, a bayan garken shanun wani makiyayi, Ramalan, hon ya maƙale ya ƙi yin shiru. Shanu suka watse cikin masarar mutane. Aka yini ana ba manoma haƙuri. Ramalan bai yi faɗa ba, ya dai dubi Munzali ya ce, "Ɗan Malam, mun san babanka. Ka kai shi a duba."

Ɗanmalam ya duba, ya girgiza kai. Noti biyu ke riƙe da shi ta ƙasa. Ɗaya ya kwance, ɗayan kansa ya cinye, sai da aka sare shi da guduma da kurfi. Makunnin ya rabe gida biyu, jar ƙasa ta zubo daga cikinsa. Aka zare wayoyinsa daga bayan fitila, aka jona na sabon, launi da launi. Ko rabin awa ba a yi ba.

Marigayin ya bar makunnin dama, wanda shi ma yana fama, da madubi ɗaya, da hon ɗin kansa, wanda ashe lafiyarsa ƙalau duk shekarun nan. Ya bar magaji, baƙi wuluk, mai sheƙi, mai santsi. Ba shi da laifi. Ana taɓa shi yake amsawa, murya tar.

A ranar bayan la'asar Munzali ya danna a kwanar gida. Ya shiga ya tarar da Inna a zaune a kan tabarma, hannuwa a cinya. Ta ce, "Munzali, wani baƙo ya yi hon a waje, leƙa ka gani." Ya fita ya tsaya a zaure, ya daɗe, ya dawo ya ce mata ya wuce.

Ba za a yi wa marigayin wanka ba, tunda ruwa ne ya kashe shi. An naɗe shi a tsumma, za a sa shi cikin akwatin Malam Mato gobe da safe. Ba sai an taru ba.

Zaman makoki a gindin darbejiyar hanyar Madachi ne, kullum kafin la'asar. Mai wucewa zai ga Munzali a kan babur yana danna hon guntu-guntu, biyu, shiru, ɗaya mai tsawo. Kada a ba shi hanya, ba wucewa zai yi ba. In'ina yake koya wa yatsansa. Za a tashi daga zaman ranar da Inna ta miƙe.