Tsiron da Ya Kwana a Gareji

Har gobe ba zan manta da ranar da na jagoranci neman auren ɗan yayata, Yohanna, a garin Upper Marlboro da ke jihar Maryland ta Amurka ba. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma tana can gida kudancin Kaduna, don haka ni, kawunsa da ke zaune a Beltsville, aka ɗora wa nauyin shiga gaba.

Yarinyar sunanta Rifkatu. Mahaifinta, Baba Ayuba, dattijo ne da 'ya'yansa suka ɗauko daga ƙauye, kuma har lokacin bai yarda cewa ya baro ƙauyen ba. Ya aiko mana da saƙo cewa ba zai saurari masu neman 'yarsa da abin sha na kwalba ba. A garinsu da burukutu ake buɗe maganar aure, idan babu shi to babu magana.

Ni ba na shan giya, ban taɓa sha ba. Amma na tashi a hannun kakata, wadda dafa burukutu ne sana'arta, sannan na karanta ilimin haɗa magunguna a jami'a, har ana kirana Dokta. Sai na lissafa cewa wanda ya haɗa ido da ilimi ba abin da zai gagare shi. (Wannan lissafin ya sha jefa ni cikin rami, amma ban taɓa zarginsa ba sai daga baya.)

Na sami wani shagon masu dafa giya a gida, na yi odar tsiron dawa, wato dawar da aka jiƙa ta tsira aka busar don dafa burukutu, na ce su niƙa mini shi gaba ɗaya. Ina tuna kakata ba ta niƙa tsiro sai ranar da za ta ɗora tukunya, amma na ɗauka rashin inji ne ya sa take wahalar da kanta. Wannan kafin bikin Ista ne, wajen watan Maris. Sai aka ɗage zaman, domin takardar izinin shigowar mahaifiyar Rifkatu ta maƙale, ba ta iso ba sai ƙarshen watan Agusta. Duk tsawon lokacin nan buhun yana garejina, bakinsa a buɗe tun ranar da na leƙa shi, yana shan zafi da laimar nan ta Maryland mai manna wa mutum riga a baya.

Da na ɗora tukunya, matata ta shigo tana toshe hanci, ta ce abin yana warin kwalin da ruwa ya jiƙa. Na yi mata bayani a natse cewa ita 'yar birni ce, ba ta san ƙanshin gargajiya ba. Ta ce to, Baban Alheri, Allah ya ba da sa'a. Ko da na ga ruwan bai tashi da kumfa kamar na kakata ba, sai na ɗora laifin a kan yanayin ƙasar.

Ranar zama falo ya cika da dangin amarya. Yohanna na gefena yana ta goge tafin hannu a wando. Na gabatar da mu cikin tsararriyar Hausa, aka ajiye bokitin a tsakiya, Baba Ayuba ya sa aka kawo ƙwaryar da ya zo da ita daga gida. Ya cika ta, sai ya miƙo mini.

Na ce ai nasa ne. Ya ce a'a, wanda ya kawo shi ne ke fara kurɓa, don mutanen gida su san babu cuta a ciki. Al'adar da na gani sau ba adadi a tsakar gidan kakata, amma ta ɓace mini sarai. Idan na ƙi, na nuna ban amince da abin da na kawo ba, maganar aure kuma ta tsaya a nan. Yohanna ya sunkuyo ya ce a hankali, "Kawu, don Allah."

Na kurɓa. Ban san yadda burukutu mai kyau yake a baki ba, amma nan take na san ba wannan ba ne. Sai ka ce an wanke tsohuwar tabarma an tace ruwan. Idanuna suka kawo hawaye, maƙogwarona ya ƙi karɓa, mutane kuma duk ni suke kallo. Na haɗiye da ƙyar, na yi murmushi, na ce madalla.

Baba Ayuba ya karɓa, ya shinshina, ya ɗan taɓa da leɓe. Ya ajiye ƙwaryar a hankali.

"Ɗana, yaushe aka niƙa tsiron nan?"

"Kafin Ista, Baba."

"Ista ta wace shekara?"

Dariyar da aka yi har mata suka fito daga kicin, matata a gabansu. Ni kuwa na rasa inda zan ajiye idona. Da aka lafa, dattijon ya ce tsiro idan yana ƙwayarsa zai iya kai shekara a busasshen wuri, amma da zarar an fasa shi ya fara mutuwa. 'Yan makonni ne, ko wata biyu idan an rufe shi ruf a wuri mai sanyi. Nawa kuwa, in ji shi, ya mutu har an gama zaman makoki.

Na ɗauka shi ke nan, na kashe wa yaro aure. Sai Baba ya juya ga danginsa ya ce, "Mutumin da ya haɗiye wannan abin, ya kuma yi murmushi saboda ɗan 'yar uwarsa, ba za a wulaƙanta 'yata a gidansu ba. Na ba su." Sharaɗinsa ɗaya ne: na biki shi zai dafa da kansa, ni aikina wanke tukunya.

Yanzu 'ya'yan Yohanna biyu, kuma a dangin nan babu mai kirana Dokta, sai Kawu Ista. Abin da na koya shi ne, idan na ga tsohuwa tana yin abu ta hanya mai wuya, in fara tambayar dalili kafin in tausaya mata. Idan kuma matata ta ce abu yana wari, to yana wari.