Yaƙin Hudu da Gunjin Salansa

Da sunan Mai rayawa, Mai ƙaddara wa kowane bawa irin jarabawarsa, muka buɗe tarihin sadauki ɗan sadaukai, Hudu ɗan Malam Ya'u mai ɗinkin huluna, jikan Ɗangoje wanda ya taɓa korar kura da muciya, tattaɓa-kunnen wani bawan Allah da aka manta sunansa amma aka tabbatar yana da faɗa. Shi ne guguwar titin Funtuwa, mai firgita kajin Jabiri, gagarabadau wanda in ya taka totur tsofaffi ke ambaton Allah ba shiri.

Masu riwaya sun haɗu a kan cewa fitinar ta samo asali ne ranar da Hudu ya cire wa tsohuwar motarsa salansar da ta zo da ita, ya ɗaura mata wata ƙatuwa mai faɗin baki da ya samo a kasuwar Panteka. A cikin gari abin alfahari ne, don tana ruri kamar bijimi. Amma da zarar an hau babban titi, gudu ya kai tamanin, sai wani gunji mai nauyi ya cika motar, ya shiga ƙashin kai, ya sa haƙora su yi ta rawa a mazauninsu. Hudu ya daure, domin jarumi ne, kuma domin ba ya son a ce ya yi kuskure.

Sai ƙaddara ta sa ya ɗauki surukarsa, Hajiya Kulu, zuwa gaisuwa a Bakori. Kwana uku kunnenta yana amsa kuwwa. Daga nan ta fitar da hukunci ta bakin ɗiyarta Saude, matar Hudu: bikin jikarta da za a yi a Katsina ranar Asabar, a motar Bashari za ta tafi. Bashari kuwa shi ne mijin ƙanwar Saude, yaron jiya, wanda Hudu ya koya wa tuƙi da hannunsa. Wannan magana ta yi wa Hudu zafi ƙwarai. Ya miƙe tsaye a tsakar gida, ya yi shelar yaƙi: "Wallahi ni zan kai Hajiya Katsina!"

A gwagwarmayar farko, sadaukin ya kai farmaki kicin ɗin Saude, ya kwashe soson ƙarfe guda shida na wanke tukwane a matsayin ganima, ya cusa su cikin bututun salansar da sandar tsintsiya. Ya tada mota, ya yi kabbara, ya taka totur. Abokiyar gaba, wato salansar, ta yi shiru na ɗan lokaci kamar mai nazari, sannan ta tofo su gaba ɗaya, baƙi ƙirin, a kan zannuwan da maƙwabciya ta shanya. Aka yi sulhu da maƙwabciya da ƙyar.

A gwagwarmaya ta biyu, ya kwashe tsofaffin barguna da katifar da ta mutu ya shimfiɗe su a but ɗin motar, bisa fatawar wani mai shayi da ya ce auduga na shanye ƙara. Gunjin bai ragu ba, sai dai ya samu wurin kwanciya.

Da al'amari ya tsananta, rundunar dabara ta ƙare, sai Hudu ya ƙanƙan da kai ya nufi garejin Iro mai walda, sarkin tartsatsi, wanda girarsa ta daɗe da yin shahada a fagen aiki. Iro ya kwanta ƙarƙashin motar, ya saurara, ya fito ya yanke hukunci cewa sai an ƙara mata ƙaramar tukunya a tsakiyar bututun, mai karya ƙarar kafin ta iso ga mutane. Aka yanka, aka liƙa, wuta ta yi ta tashi tun hantsi har la'asar. Da aka gwada ta a titin Zariya, allura ta hau tamanin, ta wuce casa'in, ba a ji komai ba sai iska. Hudu ya leƙo da kai ta taga ya yi ihu: "Na kashe ta!" Wani mai rake a gefen hanya ya tsorata ya ruga daji.

Labarin nasara ya kai ga Hajiya Kulu, ta janye hukuncinta. Ranar Asabar Hudu ya iso ƙofar gidanta da babbar riga mai sitaci, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Aka kawo masa waina da miyar taushe tana tururi. Amma ina suruki zai buɗe baki ya ci abinci a gaban surukarsa? Ya sunkuyar da kai ya ce a ƙoshe yake, alhali tun daren jiya ɗoki bai bar shi ya sa komai a bakinsa ba.

Suka kama hanya, Hajiya a baya tana jan carbi, motar tana tafiya lumui. Shirun ya kai har ana jin ƙwayar carbi na bugun 'yar'uwarta. Zuciyar Hudu ta cika da farin ciki, ya ji kamar ya yi kuka.

Sun wuce Malumfashi kaɗan ke nan sai cikin sadaukin ya ɗaga murya. Ƙugi ne mai tsawo, ya fara daga ƙasa, ya hau, ya yi kwana, ya sauka da wani ɗan kuka a ƙarshe. A zamanin gunjin salansa ko mala'ikun kafaɗarsa ba za su ji ba. Yau kuwa carbi ya tsaya cak.

Hajiya Kulu, mace mai kara, ta dubi ƙasan motar ta ce, "Allah sarki. Ashe gyaran da saura, Hudu."

Hanya biyu ce a gaban gwarzon: ya wanke motarsa ya tona cikinsa, ko ya rufa wa kansa asiri ya sallama nasarar mako guda. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, gumi na bin wuyan rigarsa.

"Da saura, Hajiya," in ji shi.

"Ba komai, ka yi ƙoƙari," ta ce. "In za mu dawo sai in bi Bashari, kai kuma ka samu ka kai ta gareji."