Rasuwar Fom Ɗin Neman 'Yan Uwa na Sheme

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Yahuza Mani na garin Sheme yake sanar da jama'ar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa rasuwar fom ɗinsa na intanet, wanda ya gina da hannunsa shekarar da 'yan bindiga suka watsa ƙauyuka. Aikin marigayin ɗaya ne: wanda ya gudu ya rubuta sunansa da inda ya sauka, dangi su same shi. Yahuza bai ɓoye ba, don ƙanwarsa Shafa'atu ya yi shi, wadda ba a sake jin ɗuriyarta ba tun daren da aka tashi ƙauyen mijinta.

Marigayin mai kunya ne da kawaici. Bai taɓa mayar da kowa ba, ko mai tsohuwar waya. Ana danna shi sai ya ce ƙit, ya ce, "An karɓa, mun gode." Ashe kawaicin nan shi ne ajalinsa.

Wata rana gab da damina Yahuza yana gyara rubutun da ke cikinsa, ya bar waƙafi guda a ƙarshen layin da ke kula da akwatin adireshi. Waƙafin bai kai ƙwayar gero ba. Daga ranar akwatin yana nan a fuskar waya, mutane suna cikewa, amma a ciki ba ya ajiye komai. Da wani fom ne, da ya yi ja ya yi kururuwa. Shi kuwa bawan Allah ya haɗiye ciwonsa, ya ci gaba da godiya har damina ta wuce.

An gano cutar ranar da Yahuza, wanda ya yi watanni bai leƙa jerin sunayen ba, ya ga sunan Shafa'atu a ciki. Tana da rai, ta rubuta da kanta tun farkon damina. Gurbin inda take kuwa fari fat. Ya cire waƙafin nan take, amma abin da ba a ajiye ba ba ya dawowa, kuma jama'a sun riga sun daina yarda da fom ɗin.

Ya rasu ya bar sunaye masu yawa marasa gari, da maigida wanda ya kasa yafe wa yatsansa.

Za a sauke shi daga intanet ranar Juma'a bayan sallah, a shagon cajin waya na bakin tasha. Ba zaman makoki. Mai son yin ta'aziyya, in ya san inda Shafa'atu take, ya tako da ƙafarsa ya faɗa da baki.