Kaza a Murhun Iya Yelwa

"Lafiya lau, Iya. Ya sanyi? Mun same ku la..."

Zakiyyu bai ƙarasa gaisuwar ba. Tun da hantsi ya baro Daura a kan babur, yatsunsa sun ƙandare, don ya dubo kakarsa Iya Yelwa a Dutsi. Murhun ƙarfen da ya sa mai walda ya ƙera mata, mai ƙofa da bututun fitar da hayaƙi, wanda shi da kansa ya kafa a ɗakinta farkon ɗari, ga shi yashe a gindin rumbu. A cikinsa wata kaza ce kwance a kan ƙwai, tana hararsa.

"Iya! Mene ne wannan?"

"Makanta ta kama ka ne? Kaza ce."

"A cikin murhuna?"

"Au, murhu ne? Ni ai na ɗauka akurki ka kawo mini. Har na ce yau ɗaya dai mijin nan nawa ya yi abin kai."

"Wa ya fito da shi?"

"Ni nan. Da ƙarfina."

"Wane ƙarfi? Ke da buta ma sai kin yi nishi kafin ki ɗaga!"

"Ja'iri! Da wannan hannun na wanke maka kashi, kana tsala ihu kamar ɗan akuyar da aka yaye."

Zakiyyu ya leƙa ɗakin. Kaskon gawayi na nan a gindin gado da tokarsa, an cusa tsumma a kafar bututun, taga kuma an rufe ta da buhu. Ransa ya ɓaci na gaske.

"Wato kaskon nan kika koma wa? Ki kunna gawayi, ki toshe ko'ina, ki kwanta?"

"Da shi na girma, da shi na yi jegon ubanka. Tsohuwar zuma da ita ake magani."

"Sabo turken wawa ne, Iya."

"Ni ce wawar? To ka ji, wancan gwangwanin naka cin itace yake kamar gidan biki. Ka zuba masa dami, kafin ka juya ya lashe yana neman ƙari. Hali ɗaya da mai shi."

"Don kina barin ƙofarsa a hangame ne! Na ce miki in wuta ta kama ki rufe."

"Ga shi ka huda mini bango. Mata suka shigo suna tambaya wai ko sana'ar tsire na fara da tsufana. Ni Yelwa!"

"Da kin fara ma da mun huta. Haƙoran da za ki ɗanɗana ne babu."

"Ka ci gidanku! In ɗumi kake so ka ba ni, ka gina mini gadon ƙasa irin na uwata, mai ramin wuta a ƙarƙashi. Ka sa icce biyu, ka hau, har asuba bayanka na gode maka."

"Ki hau in zo da safe in tarar da kilishi? Ai ke barkono kawai ya rage a barbaɗa miki."

"Kai kuma fa? Wuya kamar mariƙin lema. Shi ya sa har yau ba wadda ta kula ka sai ni, ni ma don tausayi."

"Na sake ki, saki uku!"

"Da me ka aure ni? Da wancan duron?"

Da a wata rana ce, da nan ya fashe da dariya. Yau bai yi ba.

"Iya, kin manta Shatu ta bayan gidan nan? Bara ita da 'ya'yanta a amalanke aka fitar da su, sai da aka ɓalle ƙofa. Gawayi ne, ba aljanu ba."

"Shatu ba ta iya ba ne. Ni hayaƙi ya san ni, na san shi. Tun kafin a haifi..."

Tari ya sarƙe ta. Ta dafe ƙirji, ta yi ta yi har hawaye suka zubo. Zakiyyu ya ɗebo ruwa a randa ya riƙa mata moɗar. Da ta lafa sai ta kau da kai.

"Yawu ne ya shaƙe ni."

"To. Bari in kira Baba Jibril in faɗa masa yawu ne. Dama ya rantse in kika sake kwana da gawayi mota zai turo a kwashe ki zuwa Katsina. Ɗaki mai tayil, ba kaza, ba maƙwabta, sai talabijin."

Ya zaro waya. Ta yi wuf ta damƙe masa hannun riga.

"Munafuki! Annamimi! Uban naka ma ni na haife shi."

"Shi ya sa yake son ki kai baɗi."

Ta sake shi, tana murza bakin zanenta.

"Kazar fa? In ka tashe ta ƙwan zai yi bara-gurbi."

"Kwando zan sa mata a bayan rumbu."

"Kuma kada ka kawo mini ɗanyar darbejiya mai hayaƙi. Busasshiyar ƙirya nake so, mai kwana da wuta."

"An gama."

"A faskare ƙanana, yadda za su shiga bakin abin nan."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Ta miƙe da ƙyar ta shige ɗaki, ya ji tana janyo wani abu daga ƙarƙashin gado.

"Miƙo hannu, ga tukwicinka."

Ya miƙa hannu biyu yana washe baki. Ta ɗora masa gatari, ƙotarsa ta yi sulɓi don tsufa.

"Na kakanka ne. Shi a safiya ɗaya yake faskara mini na mako. Mu ga kai ko za ka kai azahar ba ka suma ba."

Zakiyyu ya dubi gatarin, ya dubi tsohuwar, dariya ta ƙwace masa. Ya tuɓe riga ya rataye a kan babur.

"Ɗora mini kunu, tsohuwa. Kin ci wannan."