Gwiwar da aka ɗaure ba laifinta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kunya ta kusa kai ni kabari. Shekarar da aka samu 'yancin kai ce, ina sabon ango, jini na tafasa. Ranar kasuwar Shagari na ga surukina, Baba Liman, yana neman mai ɗora masa buhun albasa a kan jaki. Na ce ga inda zan nuna masa bai ba rago ɗiya ba. Na sunkuci buhu, sai na ji wani abu ya tsinke can ƙasan mara. Tsohuwar gwaiwar da nake ɓoyewa ce ta sauko, ta ƙi komawa. Na zube ina amai.

Baba Liman da kansa ya saka ni a motar lodi har babban asibitin Sakkwato, ɗakin da ake karɓar waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu. Wata nas 'yar Kudu, mai Hausar koyo, ta duƙo kaina.

"Yaya jiki?"

"Da sauƙi," in ji ni. (To me zan ce? Ko gawa aka tambaya a garinmu haka za ta amsa.)

"Ina ne ciwo?"

Jama'a, ga mace, ga suruki tsaye a kaina! Na cusa baki cikin riga na ce "gwaiwa" can ƙasan maƙoshi.

"Gwiwa?"

Wallahi daɗi na ji. Na gyaɗa kai da sauri. Ta shafa wa lafiyayyar gwiwata man zafi, ta naɗe ta da bandeji, ta ce tunda da sauƙi in koma benci in jira. Na tafi har da ɗingishi, don kada in ƙaryata kaina. Ciki kuwa sai kumbura yake, gumi na zuba, ina ganin mutane bibbiyu.

Baba Liman ya dube ni, ya dubi bandejin, ya buga sandarsa a ƙasa, ya ɗaga murya yadda yake jan sallah:

"Malama! Kwance wanga tsumma. Gwaiwa ta, ba gwiwa ba! Tun watan biki ɗiyata tag gaya ma uwatta."

Sai wani tsoho mai karyayyen hannu ya fashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage. Ashe asirin da nake shirin mutuwa a kansa, har kajin gidan surukaina sun san shi.

Ba a ɓata lokaci ba aka shige da ni tiyata. Likita ya ce da na ƙara jimawa a bencin nan, da hanjin ya ruɓe.

Tun ranar na gane kunya adon ƙofar suruki ce, a ƙofar asibiti kuwa tare da takalmi ake cire ta. Har Baba Liman ya bar duniya, in na durƙusa gaishe shi sai ya ce, "Ya gwiwa?"

Ni kuwa in ce, "Da sauƙi, Baba." Wannan karon dai gaskiya nake faɗa.