Yadda Za Ka Yi Tafinta Tsakanin Surukai Ba Tare Da Ka Iya Turanci Ba

Idan burinka a ce kai ne mai Turancin dangi, a riƙa ajiye maka kan kifi, a daina aiken ka kasuwa, to ka faɗo inda ya dace. Dabarun nan gwadaddu ne. Maƙwabcina Kombo Mwinyihaji ne ya gwada su a ƙauyenmu na bakin teku, kudu da Mombasa, ina zaune kan dakali ina kallo. Ka bi su sau da ƙafa, na yi maka alkawari kafin la'asar sunanka zai zagaye gari.

Mataki na 1: Ka samo tarihi

Ba Turanci ake buƙata ba, labarin Turanci ake buƙata. Kombo ya taɓa tuƙa Turawa a kwalekwale lokacin yana saurayi, ya tsinci 'yan kalmomin da ba su cika tafin hannu ba. Tun daga nan kullum sai ya zauna wurin shan gahawa yana girgiza kai yana cewa Turancin 'yan zamani ba shi da gishiri.

Sai ga ranar amfani ta zo. Saumu, 'yar yayarsa Mwanasiti, tana aikin jinya a Ingila, ta auri wani Bature da ya musulunta. Cikin Saumu ya tsufa, tafiya ta gagare ta, sai uwar mijin, Madam Glenda, ta ce ita kaɗai za ta zo gaida surukai. Mwanasiti ta kasa barci. A hannun matar nan 'yarta take zaune a can nesa, kuma ba ta taɓa ganin ko inuwarta ba.

“Kombo, ka tabbata za ka iya? Kada ka ba ni kunya.”

“Haba Yaya! Ni da Turanci ai sai dai in ban ga dama ba.”

Ka lura, bai yi ƙarya ba. Bai dai faɗi abin da zai faru idan ya ga dama ba.

Mataki na 2: Ka kawar da 'yan gasa

Kowane ƙauye yana da malamin makaranta, kuma babu mai ɓata wa tafinta sana'a kamarsa. Kombo ya gaya wa namu cewa sai jibi baƙuwa za ta iso. Wayar Mwanasiti kuma ya karɓa ya kashe, ya jefa aljihu, ya ce yau iskar teku ta kwashe sabis.

Mataki na 3: Ma'ana ɗaya ta ishi kowace kalma

Swahili harshe ne mai tsimi: kalma ɗaya sai ta yi aikin biyu. Kai ba ruwanka. Wadda ka sani ita ce daidai.

Madam Glenda ta sauko daga babur, doguwa, fuska ja jawur saboda rana. Mwanasiti ta shimfiɗa sabuwar tabarma ta ce, “Karibu, kaa.” Wato maraba, zauna. Amma karibu kuma kusa ne, kaa kuma ƙaguwa ce, Kombo kuwa ƙaguwa ya sayar wa Turawa, bai taɓa sayar musu da zama ba. Ya gyara hula, ya nuna tabarma, ya ce da Turanci, “Ƙaguwa. Kusa.”

Madam ta yi tsalle ɗaya ta haye gadon igiya da takalmanta.

“Me ya same ta?” in ji Mwanasiti.

“Al'adarsu ce, Yaya. Manyan mata a can ba sa gaisuwa daga ƙasa.”

Sai Mwanasiti ta tattare zane, ita ma ta hau. A tsaye kan gado surukan nan suka yi musabaha.

Mataki na 4: Idan ka san ma'ana biyu, ka yi adalci

Wani lokaci Allah zai jarrabe ka da sanin duka biyun. Nyanya kaka ce, nyanya kuma tumatir ne. Kombo ya san Turancin kowanne, ya dai manta wanne ne na miya. Mafita ita ce karɓa-karɓa: wannan yanzu, wancan an jima.

Mwanasiti ta riƙe hannun baƙuwa, idonta ya kawo ruwa. “Gaya mata ni da ita mun zama ɗaya. Kwanan nan za mu zama nyanya tare.”

“Ta ce kin kusa zama tumatir,” in ji Kombo.

Madam ta shafa kumatunta, ta ce wallahi ita ma ta ji alama, ta ciro mai ta hau shafawa. Mwanasiti ta ɗan ji babu daɗi, amma ta ce wataƙila haka suke murna.

Ana nan sai ta ɗauko wuƙa tana wasa ta a bakin turmi. “Gaya mata ta huta. Yanzu zan yanka nyanya, in haɗa da albasa da lemun tsami. Ta nuna sosai, idan aka bar ta ta kwana lalacewa za ta yi.”

Layi ya zo kan ɗaya ma'anar. Kombo ya isar da saƙon tsaf: za a yanka kaka, da albasa, don ta nuna.

A lungun tsakar gida kuwa Bi Zena na zaune, mahaifiyar Kombo da Mwanasiti, tsohuwa tukuf, tana gyangyaɗi ba ta san ana yi ba. Madam ta dube ta. Ta dubi wuƙa. Ta yi 'yar dariya irin ta wanda yake fatan wasa ake yi.

Mataki na 5: Kada ka ƙifta ido

Tafintan da ya yi shakka ya mutu. Mwanasiti ta ce idan baƙuwa na sha'awar koyon girki, ta hau mbuzi ta kankare kwakwa. Mbuzi ita ce 'yar kujerar nan mai haƙora da ake zama a kai a goge kwakwa. Mbuzi kuma akuya ce.

“Hau akuya,” in ji Kombo, ya miƙa mata ɓarin kwakwa.

Matar nan, Allah ya sani, ta zo da niyyar faranta wa surukai. Ta tambaya sau biyu, sau biyu Kombo ya gyaɗa kai. Ta nufi akuyar da ke ɗaure gindin mangwaro, ta ba ta haƙuri, ta ɗaga ƙafa. Akuya ba ta karɓi haƙurin ba. Da aka ɗago Madam daga cikin kwandon gawayi, Mwanasiti ta ja ƙaninta gefe.

“Kombo, anya matar nan da lafiya? A hannun wannan 'yata za ta haihu?”

“Yaya, ki gode Allah. Wannan a cikinsu mai hankali ce.”

Mataki na 6: Amsa gajera ita ce ilimi

Madam ta matso kusa da Kombo, murya ƙasa-ƙasa, ta nuna kan Bi Zena, ta yi doguwar tambaya wadda bai kama ko wutsiyarta ba. Ya duba inda yatsa ya nufa, ya ga furen yasmin a bayan kunnen tsohuwa. Fure shi ne ua. Kashewa ma ua ce, kuma ita ya sani, don Turawan kwalekwale sun sha yi masa ihunta idan kifi ya yi tsalle.

“Kashewa,” ya ce.

Mwanasiti ta ga ana maganar fure, ta yi murmushi, wuƙa a hannu. “Gaya mata duk tsohuwar da ke garin nan haka ake yi mata idan an yi baƙi.”

Wannan jimlar kaɗai ce Kombo ya fassara daidai a ranar.

Mataki na 7: Idan wuta ta kama, ka ci gaba da fassara

Ban san Baturiya mai shekaru sittin da wani abu tana da irin ƙarfin nan ba. Ta sunkuci Bi Zena kamar jaririya, ta fizgi kujerar kwakwa, ta faɗa ɗaki, ta danna sakata, ta jawo gado ta tokare ƙofa.

“Ta sace Mama!” Mwanasiti ta ƙwalla ihu. Maƙwabta suka cika gida, har da mai kifi da kwandonsa.

Daga ciki Madam na ihu da Turanci cewa sai dai a bi ta kan gawarta. Kombo ya ce tana tambayar ko akwai barkono a abincin. Mwanasiti ta buga ƙofa tana kuka: “Ki buɗe, nyanya ba ta ci komai ba tun safe!” Kombo ya sanar da cewa tumatir na jin yunwa. Daga nan Madam ta fara addu'a.

A nan ne gumi ya karyo wa Kombo. Ya ji muryar mahaifiyarsa a ciki tana tambayar wace ce wannan, ya ga yayarsa ta zube a bakin ƙofa tana cewa ta aurar da 'yarta ga mahaukata. Ya laluba aljihu yana neman hankici, sai waya ta faɗo ƙasa. Mwanasiti ta dube ta, ta dube shi, ta kunna. Sabis cike fal.

Mataki na 8: Idan asiri ya tonu, ka dubi ƙasa

Mwanasiti ta kira Ingila, Saumu ta ɗauka. Aka zura mata wayar ta ƙarƙashin ƙofa, aka jawo, aka sake zurawa. Ta saurari uwa, ta saurari suruka. Da ta gama haɗa zancen sai ta fashe da dariyar da mijinta ya ɗauka naƙuda ce.

“Kawu! Kawu, tumatir? Allah ya shirye ka!”

Ƙofa ta buɗe. Madam Glenda ta fito gashi a hargitse, kujerar kwakwa a hannu, kunya kamar ta nutse. Mwanasiti ta tsaya tana kallon ta. A hankali abin ya shige ta: matar nan, ita kaɗai a ƙasar da ba ta san kowa ba, ta tare ƙofa saboda tsohuwar da ba ta san ko sunanta ba. Ta ajiye wuƙar, ta rungume ta, ta ce, “Saumu tana hannu nagari.” Ba wanda ya nemi Kombo ya fassara.

Bi Zena ce ta fito ƙarshe. Aka yi mata bayani da ƙarfi a kunne. Ba ta yi dariya ba. Ta bi 'ya'yanta da maƙwabta da kallo ɗaya bayan ɗaya.

“To da gaske ne fa za a yanka ni, a cikinku wa zai tokare ƙofa?”

Kowa ya dubi ƙasa. Mai kifi ya ce bari ya je, kifinsa zai lalace.

“Na ji amsa,” in ji tsohuwa. Ta kama hannun Baturiya ta zaunar da ita kusa da ita, ta ce daga yau a kwano ɗaya za su ci. Kombo kuma ta ce ya je ya bai wa akuya haƙuri, da harshen da ya iya.

Sanarwa

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan bin waɗannan matakai, walau karyewar gado, mutuwar aure, ko zuwan 'yan sanda. Idan an kama ka, ba ka san ni ba. Idan kuma ka nace ka san ni, zan ce ban jin yarenka, a nemo tafinta.