Mai Raba Tamul

Wani ne a ƙauyenmu, can wajen Jorhat a ƙasar Indiya. Mutum ne har mutum, sai dai kan nan fayau yake.

Aka gano ƙullutu a nonon matarsa Rupohi, aka cire. Likita ta ce ciwon daji ne, kuma tamul, wato irin namu goron, da take taunawa da ganye da farar ƙasa tun tana budurwa yana iya lalata ƙwayoyin halitta. In suna son ranta, ko ɓari kada ya sake shiga bakinta.

Ga shi buhunan tamul cike da ɗakinsu. Gogan ya rantse ko ɗaya ba zai kwana ba. Ya jera a faranti ya bi gida-gida, ya durƙusa, ya miƙa. Kunya ta hana shi ambaton nonon matarsa, sai hawaye kawai.

To mu nan, wanda ya durƙusa maka da farantin tamul yana kuka, gafara yake nema.

Bhogeswar maƙwabcinsa ya dubi faranti ya ce, “Ashe kai ka cinye mini agwagwa?”

Tsohuwa Sewali ta ce dama ta san akwai ranar da mai ƙona mata rumbu zai zo da ƙafarsa. Kafin azahar ya zama ɓarawon keken malamin makaranta, da akuya, da ƙararrawar ɗakin ibada wadda ta ɓace tun ba a haife shi ba. Duk wanda ya ɗora masa laifi, shi dai tambayarsa ɗaya: “Amma za ka karɓa ko?”

Dattawa suka zauna za su kore shi daga gari. Rupohi ta taso da ɗinkinta ɗanye, ta zayyane musu komai, ta haɗa da zagi. Kowa ya sunkuyar da kai. An zalunci bawan Allah, dole a nemi gafararsa.

Washegari gari duka ya zo, kowa da farantinsa. Tamul ya cika ɗaki, ya cika tsakar gida, har saman gadon marar lafiya.

Gogan ya ce, “Kwantar da hankalinki, uwargida. Gobe ƙauyen ƙetaren kogi zan kai shi.”

Ta ce, “Yi sammako. Tun bara suke neman wanda ya sace musu giwa.”